Giya a Jikin Mace da Namiji: Sha Ɗaya, Illa Daban

Mu mazauna Kudu mun san giya ba ɓoyayyar aba ba ce a nan. Tashar mota, bakin kara, gefen kasuwa, ko'ina akwai mai tiren ogogoro da ƙananan kwalaben gin. Addininmu ya haramta ta ga kowa, wannan babu gardama. Amma na ga ya kamata mu san abin da likitoci suka tabbatar: idan mace da namiji suka sha daidai wa daida, macen ta fi cutuwa, kuma ta fi saurin cutuwa.

Me ya kawo bambancin?

Na farko, ruwan jiki. Giya cikin ruwan jiki take bazuwa, ba ta shiga kitse sosai. Jikin namiji kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne, na mace kuwa kashi 50 zuwa 55. Kamar ka zuba cokalin gishiri a babbar tukunyar miya, ka zuba irinsa a ƙarama, ai ta ƙaramar za ta fi ɗaukar gishiri. Shi ya sa ko nauyinsu ɗaya, giyar ta fi kauri a jinin mace.

Na biyu, akwai wani sinadari a tumbi da ke fara karya giya kafin ta shiga jini. Wani bincike da mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga a 1990 ya nuna aikin sinadarin ya fi rauni a jikin mata.

Inda illar take sauka

Hanta: mace na iya kamuwa da kumburin hanta ko ƙeƙashewarta da shan da bai kai na namiji ba, kuma cikin shekaru kaɗan.

Nono: tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya giya cikin abubuwan da ke haddasa kansa, a 2007 kuma ta ƙara da kansar nono. Ko ɗan kofi ɗaya kullum yana ɗaga haɗarin.

Juna biyu: abin da uwa ta sha yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, alhali hantarsa ba ta ƙosa ba. Ana iya haifar yaro da ƙaramin kai, rashin girma da wahalar koyon karatu har ƙarshen rayuwarsa. Babu wani adadi ko wani watan ciki da aka ce shan ba komai.

To mazan fa?

Kada wani ya ce to shi ya tsira. Maza sun fi sha, kuma sun fi mutuwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, miliyan 2 daga ciki maza ne. Bayan hanta da hawan jini, akwai hatsarin mota da faɗa. A farkon 2023 hukumar ta fito fili ta ce babu wani adadin giya da ba ya cutarwa.

Inda abin ya fi shafar mu

Abin da ya fi damuna shi ne giyar da ba ta zo da sunan giya ba. Masu sayar da agbo suna da iri biyu: jiƙon ruwa da jiƙon ogogoro. Mace za ta aika a sayo mata maganin basir, ciwon mara ko shawara, ba ta san da me aka jiƙa saiwar ba. Haka ma kwalaben "bitters" da samari ke sha da sunan maganin ƙarfin maza, da yawansu sun fi giyar kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ogogoro na gida kuma yana da nasa haɗarin. A 2015 gomman mutane sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha wanda ke ɗauke da gubar methanol, mai makantarwa da kisa. Hukumar NAFDAC kuma a 2024 ta sanar da haramta giyar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, saboda arharsu ta sa ko yara na iya saye.

Abin yi

Kafin ki sha jiƙo, ki tambayi mai sayarwa da me aka jiƙa. Idan na kwalba ne, a duba takardar jikinsa, in an ga "alc" da lamba, to giya ce. Mai ciki da mai shayarwa su bar duk jiƙon da ba su san asalinsa ba.

Wanda kuma ya riga ya kamu, kada a sa shi ya daina rana ɗaya a gida, domin hakan na iya jawo karkarwa da farfaɗiya. A kai shi asibiti, kamar na ƙwaƙwalwa da ke Yaba a Legas ko na Aro a Abeokuta. Idan mace ce, kunya da tsoron bakin mutane kan sa a ɓoye har hanta ta lalace. Rufin asiri na gaskiya shi ne a kai ta wurin likita da wuri.

Allah ya tsare mu da iyalanmu.