Sanya lifta mai rola a tsohon injin mota ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

A Amurka, inda har yanzu jama'a da dama ke riƙe da motocin shekarun 1960 da 1970, ɗaya daga cikin gyare-gyaren da ake yawan yi wa tsofaffin injina masu silinda takwas shi ne sauya musu lifta, daga mai shafaffen gindi zuwa mai rola.

Aikin dai yana da tsada, kuma wanda ya nemi sauƙi a inda bai dace ba yana iya rasa injin baki ɗaya.

Mene ne lifta?

Lifta, wadda makanikai kan kira tafet, wani ɗan guntun ƙarfe ne da ke zaune a kan kamshaf. Kamshaf ɗin yana da tozaye, kuma duk lokacin da tozo ya zagayo sai ya ɗaga liftar, ita kuma ta tura wata doguwar sanda wadda ke buɗe bawul. Injin mai silinda takwas yana da lifta 16. Irin wannan tsari na sandar turi ne ke cikin injin Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna.

Tsohuwar liftar tana gugar tozon ne kai tsaye, ƙarfe a kan ƙarfe, babu abin da ya raba su sai baƙin mai. Mai rola kuwa tana da ɗan ƙaramin gargare a ƙasanta wanda ke mirginawa a kan tozon. Hakan na rage guga, yana kuma ba da damar a ƙera tozon yadda bawul zai buɗe da sauri, ya ɗan jima a buɗe, injin ya samu ƙarin ƙarfi.

Kamfanin Ford ya sanya lifta mai rola a injin Mustang mai lita biyar a shekarar 1985, yayin da Chevrolet ya bi sahu a ƙananan motocinsa a 1987.

Dalilin sauyawa

Babban dalilin dai shi ne baƙin mai. Shafaffiyar lifta ta dogara ne da wani sinadari mai ɗauke da zink da fosfaras, wanda ake kira ZDDP, domin kare ta daga ci. To amma fosfaras yana lalata na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansar motocin zamani, don haka aka riƙa rage shi. Ƙa'idar da aka fitar a 2004 ta taƙaita shi zuwa kashi 0.08 cikin ɗari a mafi yawan man da ƙananan motoci ke amfani da shi.

Sabon kamshaf mai shafaffiyar lifta yana kuma buƙatar a tayar da injin a bar shi yana gudu tsakanin juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti ɗaya, na tsawon minti 20 zuwa 30, domin ƙarafan su saba da juna. Idan aka yi kuskure a wannan mataki, tozo yana iya cinyewa cikin ɗan lokaci, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga ko'ina, sai an kwance injin gaba ɗaya an wanke. Lifta mai rola ba ta buƙatar wannan horo.

Ba liftar kaɗai ake saya ba

Abin da ke sa kuɗin ya haura shi ne sauyin kan jawo wasu sauye-sauyen.

Na farko, dole ne a sayi sabon kamshaf, domin tozayen tsohon ba su dace da rola ba.

Na biyu, tsohuwar lifta an yi ta ne ta riƙa juyawa a cikin raminta, alhali mai rola tilas ta fuskanci gefe ɗaya. Idan ta karkace, gargaren zai tsaya a gicciye ya yanke tozon. Saboda haka sai an samu abin da zai riƙe ta.

Na uku, lifta mai rola ta fi tsayi, don haka ana buƙatar gajerun sandunan turi, kuma aunawa ake yi kafin a saya. Sau da yawa sifirin ɗin bawul ma sai an sauya shi da wanda ya fi tauri.

Na huɗu, tozayen tsohon kamshaf suna da ɗan karkata wanda ke hana shi zamewa gaba. Sabon ba shi da wannan, saboda haka a tsohon injin Chevrolet ana sanya wani ɗan maɓalli a goshinsa da zai tokare murfin gaba, a bar masa wasa na kashi 5 zuwa 10 cikin dubu na inci. Injinan Ford sun zo da farantin da ke yin wannan aiki tun daga masana'anta.

Na biyar, idan kamshaf ɗin na tsantsar ƙarfe mai tauri ne, zai cinye haƙoran distiributa na asali, sai an sa na tagulla ko wanda aka yi wa tauri na musamman. A Chevrolet, sandar da ke tura famfon fetur ita ma tana buƙatar kai na tagulla.

Hanyoyi uku

Hanya mafi sauƙin aiki ita ce sayen liftocin da aka ƙera musamman domin tsofaffin injina, waɗanda kamfanoni irin su Comp Cams da Howards ke sayarwa. An haɗa su ne bibbiyu da wani ɗan ƙarfe da ke hana su juyawa, kuma ana zura su ba tare da an taɓa bulok ba. Sai dai su kaɗai suna cin ɗaruruwan daloli, kuma idan aka haɗa da sauran kayan, kuɗin yakan haura dala 1,000.

Hanya ta biyu ita ce amfani da liftocin masana'anta, waɗanda suka fi araha sosai, tare da ƙarafan da ke riƙe su da kuma wani faranti da ake ɗaurewa a tsakiyar bulok. Matsalar ita ce ramukan liftar tsohon bulok gajeru ne, don haka liftar za ta leƙo sama fiye da kima, mai ya riƙa tsiyaya. A ƙananan injinan Ford ana magance wannan ta hanyar sayen kamshaf mai siririn jiki domin liftar ta zauna ƙasa, sannan a huda ramuka biyu a bulok don ɗaure farantin. A Chevrolet kuwa wasu kan yi amfani da gajerun liftocin ƙananan injinan General Motors, amma sai an goge bulok an huda shi, aikin da ya kamata a yi shi lokacin da injin ke kwance, domin kada garin ƙarfe ya maƙale a ciki.

Hanya ta uku, wadda sau da yawa ta fi kowacce araha, ita ce neman bulok ɗin da aka yi shi da ma domin rola. Injinan Chevrolet na ƙananan motoci daga 1987, da na motocin ɗaukar kaya daga 1996, ana samun su a wuraren sayar da kayan tsofaffin motoci. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin bulok ɗin motocin ɗaukar kaya na tsakanin 1987 da 1995 sun zo da gurbin rola duk da cewa shafaffiyar lifta ce a cikinsu. Don haka abu na farko shi ne a buɗe saman injin a duba.

Inda za a iya ragewa

Saɓanin shafaffiyar lifta wadda ba ta sauya tozo bayan ta saba da ɗaya, ana iya sake amfani da lifta mai rola ta hannu idan gargarenta na juyawa sumul, ba shi da tabo. Haka ma ƙarafan riƙo da farantin. Zaɓen kamshaf na zubin ƙarfe, ko mai haƙoran da suka dace da distiributar asali, shi ma yana rage kashe kuɗi.

Inda ba a ragewa shi ne ingancin liftar kanta. A cikin gargaren akwai wasu siraran boris masu kama da allura, kuma idan na mai arha suka watse, za su bazu cikin injin, asarar ta ninka abin da aka tsimi.

Ga wanda injinsa ke aiki lafiya kuma ba tsere yake yi ba, barin tsohuwar liftar tare da zuba man da ke da isasshen zink ya wadatar. Lokacin da sauyin ya fi dacewa shi ne sa'ad da aka riga aka sauke injin domin yi masa babban gyara.