Ɗakin Ɗinki a Gidajen Madaki

Tun bayan da hedikwatar masarautar Gombe ta tashi daga Nafaɗa zuwa Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919, garin ya bunƙasa da cinikin auduga, sai dai ɗinki ya daɗe yana hannun maza, waɗanda ke zama a zaure, wato ɗakin shiga gida, suna aikin babbar riga da allura da zare. Shigowar keken ɗinki, musamman Singer da Butterfly ta ƙasar Sin, ita ce ta kai sana'ar cikin gida, inda matan aure a unguwanni irin su Madaki suka mayar da kusurwar ɗaki wurin neman na kansu. Akan girke keken kusa da taga saboda haske, a adana atamfofi da shaddar masu kawo ɗinki cikin adaka, wato akwatin ƙarfe, almakashi kuwa a rataye shi inda hannun yara ba zai kai ba. Har yau keken ƙafa da dutsen guga na gawayi ba su rasa daraja ba, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, balle a jajibirin salla.