Gaisawa da Waya

Akwai wata 'yar fitila a goshin modem da aka rubuta wa haruffa biyu, CD. In ta kama ta tsaya cak, akwatin da ke gabanka ya ji muryar ɗan'uwansa da ke ɗaya bakin wayar. In tana ƙyaftawa, ka aika a nemo maka tabarma, don a nan za ka kwana. Ƙuruciyar aikina duk a kan zura wa wannan fitila ido ta ƙare, a Sakkwato da Birnin Kebbi, daga baya kuma a Jega. Yanzu yaran da ke ɗaura eriya a kan ƙarfen sabis ba su ma san an yi ta ba.

Layin haya tarho ne marar lamba. Ba a buga shi, ba a ajiye shi. Wayar jan ƙarfe ce ke fita daga ofishinka ta shiga ofishin waya, a can ma'aikaci ya ƙulla ta kai tsaye da wata wayar da ta nufi ɗaya ofishin naka, ba tare da ta bi ta injin da ke haɗa kira ba. Kana biyan haya, ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba, kamar shagon kasuwa. A kowane baki ana ajiye modem, aikinsa ya mayar da lissafin kwamfuta ya zama sauti, domin an yi wayar ne don muryar mutum, daga 300 zuwa 3,400 na ma'aunin amo. Ɗan'uwansa kuma ya mayar da sautin ya koma lissafi.

A lokacin mai ba da haya ɗaya ne a ƙasar nan, wato NITEL, wadda aka kafa a 1985 da aka haɗe ɓangaren tarho na tsohuwar hukumar gidan waya ta P&T da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje. Har zuwa 2001 layukan tarho masu aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a fiye da miliyan ɗari. Da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, ma'aikatu suka tare a Birnin Kebbi, bankuna suka biyo su, kowa na neman lamba mai farawa da 068. Layin haya kuwa sai banki, sai babbar hukuma. Talaka ko labarinsa bai ji ba.

Maigidana tsohon ma'aikacin P&T ne, tun zamanin da ake cewa wayar tangaraho, kalmar da ta bar mana "gidan waya" da "buga waya" har yau. Bai yarda da kwamfuta ba, kuma bai ɓoye ba. Ranar da na fara binsa na zaro littafin modem zan karanta, ya karɓe ya cusa a jakarsa.

"Yaro, kada ka taɓa akwati sai ka gaisa da waya."

Gaisuwar tasa da kan tarho ce, wani tsoho mai wayoyi biyu da 'yan haƙora a baki. Ya maƙala su a layi, ya rufe ido. In ya ji gurnani mai kauri, wayar ta kusanci ta lantarki a wani wuri. In ya ji ƙas-ƙas kamar ana toya gyaɗa, ruwa ya shiga mahaɗa. In ya ji hirar mutane can ƙasa-ƙasa, wayarmu na gogayya da ta wani. Sai bayan nan ya ɗauko mita. Ya sa a haɗe bakin wayoyin biyu a can ƙarshe, shi kuma ya auna daga nan. Waya mai kaurin rabin milimita, zuwa da dawowa, tana ba da kusan om 175 a kowace kilomita. Da wannan lissafi kaɗai yakan gaya maka nisan layin da bai taɓa bi ba, kuma in adadin ya zarce, ya ce akwai ƙulli mai tsatsa a hanya. Ban taɓa ganin ya faɗi ba daidai ba.

Saita akwatin shi ne ɓangaren da mutane ke ɗauka da wuya, alhali shi ne mai sauƙin. Da farko ka san layinka, mai waya biyu ne ko mai huɗu. A mai huɗu, biyu na aikawa, biyu na karɓa, kuma dole a gicciya su: bakin wannan ya faɗa kunnen wancan. Sannan ka juya akwatin, a cikinsa ko a ƙasansa akwai jerin 'yan makunnai ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, waɗanda sai da tsinin biro ake tura su. Su ke faɗa masa yawan wayoyin da ƙarfin muryar da zai yi. Sai ka jona kwamfuta da igiya mai fil tara ko ashirin da biyar, ka buɗe manhajar HyperTerminal, ka daidaita gudu, ka rubuta AT. In ya amsa da OK, kun fahimci juna. Ka rubuta AT&L1, ka gaya masa ke nan layin haya ne, kada ya jira ƙarar bugawa. Ka rubuta AT&W don ya riƙe, ko an ɗauke wuta. Wannan yare wani kamfanin Amurka mai suna Hayes ya ƙirƙiro shi a 1981, sauran duk suka ara, kowa da 'yar karkatar harshensa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya taɓa kwantar da ni a kan benci. Dole ɗaya akwatin ya zama mai sallama, ɗayan mai amsawa. Wata rana na saita duka biyun a kan amsawa. Waya lafiya lau, wuta lafiya, fitilu duk sun kama ban da CD. Akwatunan nan suka zauna kamar surukai biyu da suka haɗu a zaure, kowa na jiran ɗaya ya fara. Na sake auna layi sau uku, na sauya igiya, na zargi kowa ban da kaina. Da asuba maigida ya iso, bai ce komai ba, ya ciro biro daga aljihu ya tura makunni ɗaya. Fitila ta kama. Ya mayar da bironsa, ya tambaye ni ko na yi salla.

Jega ta shigo labarina ne bayan da Charles Soludo, gwamnan Babban Banki, ya ba bankuna wa'adi a Yulin 2004 cewa kowanne ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25, kuma waɗanda suka tsira suka shiga tseren haɗa rassansu a kan kwamfuta ɗaya. Wanda bai san Jega ba zai ce me ya kai wannan tsere can. Garin mahaɗa ne: hanyar Sakkwato da ta ratso Tambuwal da Aliero a nan take karo da ta Birnin Kebbi, sannan ta gangara Maiyama da Koko da Yawuri har Kwantagora. Kasuwarsa tsohuwa ce tun ƙarni na goma sha tara. Albasar Aliero kuma manyan motoci ke kwasarta zuwa Legas da Anacha. Kafin a haɗa rassa, falken da ya sayar da lodi a kudu ko dai ya ɗauro kuɗin a jiki ya biyo hanya da addu'a, ko ya karɓi takardar banki ya zo ya yi ta jiran a tabbatar da ita. Shi ne mutumin da wayarmu ta yi wa aiki, ko da yake bai taɓa ganin ta ba.

Reshen da aka kira ni a kansa ya riga ya sami farantin tauraron ɗan'adam a bayan gini, irin wanda muke kira VSAT, don a lokacin bankuna sun fi dogara da sama. Matsalarsu wani ƙaramin ofishin karɓar kuɗi ne kusa da kasuwa, tazarar kilomita biyu. Faranti na biyu ya yi tsada. Sai na ce a ja waya tamu ta kanmu a kan turaku, a sa modem a kowane baki. Layin haya ke nan babu mai haya. Mita ta nuna om 350 da ɗoriya, na tuna maigida.

Na ƙi modem ɗin ofis, na nace sai irin na masana'antu, kamar waɗanda kamfanin Westermo na Suwidin ke yi. Manaja ya ga farashin ya ɗaga gira. Na ce masa ya tuna watan Afrilu a Jega, lokacin da zafi ke haura 40, rufin kwano na huci, janareto na tari. Akwatin ofis an yi shi ne don tebur mai sanyi da hannun da zai kashe ya kunna in ya rikice. Na masana'antu yana maƙale a jikin ƙarfe cikin akwatin bango, yana cin wutar batir kai tsaye, an raba cikinsa da layi yadda tartsatsi ba zai tsallaka da sauƙi ba, kuma in layi ya yanke shi da kansa yake sake sallama har a amsa. Yana iya gudun 33,600 a daƙiƙa, amma na ɗaure shi a 9,600. A wannan gudu haruffa kamar 960 ke wucewa a daƙiƙa guda, hoton da kake ɗauka da wayarka yau sai ya ci kusan awa. To amma lambar asusu da adadin kuɗi haruffa nawa ne? Jakin da ya isa gida ya fi dokin da ya kayar da kai a hanya, kuma a kan haka na sha jayayya da samarin da ake turowa daga hedikwata.

Aikin da ya fi cin ƙarfina ramin atin ne, inda ake binne sandar jan ƙarfe don tsawa ta sami hanyar shiga ƙasa. Muka haƙa, muka jera gawayi da gishiri, muka binne. Da rani ƙasar wurin kan bushe ƙarau ta daina karɓar komai, don haka na roƙi maigadi, wani dattijo, ya riƙa zuba bokiti guda kowane mako. Ya dube ni, ya dubi ramin.

"Ɗana, mi kaka shuka nan da ba ya tsira?"

Na ce masa maganin aradu ne. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya daɗe da sani, kuma bai taɓa fashi ba. Da ruwan farko ya zo da tsawarsa, 'yar na'urar kariya da ke bakin layi ta ƙone ƙurmus, modem bai ji komai ba. Faranti kuwa duk lokacin da hadari ya yi nauyi sai ya ɗauke, ma'aikata su harɗe hannu har a tsagaita. Abin da ya fi yanke mana waya ba ɓarayi ba ne, ko da yake su ma sun ɗanɗana. Lodi ne. Motar da aka yi wa tozo da buhuna ta zo wucewa inda wayar ta ƙetare titi, ta tafi da ita. Sau biyu ana haka kafin mu sami turaku masu tsawo.

Duk wannan zamani gajere ne. An yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, MTN da Econet suka fara aiki a Agustan shekarar, Glo ta biyo a 2003. Ƙarafan sabis suka yi ta tsirowa a bakin hanya, kowanne da farantansa masu kallon juna, kuma ba a jima ba bankuna suka koma hayar layi daga wurinsu. NITEL ta shiga hannun Transcorp a 2006, ta yi ta tangal-tangal har NATCOM ta karɓi ragowarta a 2015. A Aliero, da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a 2006, zamanin mulkin Gwamna Adamu Aliero, zancen da ake yi na rediyo ne tsakanin gine-gine da wayar gilashi. Garin da ya shahara da masu ɗori, ni ban ɗora waya ko ɗaya a cikinsa ba. Maiyama kuwa iyakata da ita tsayawa shan ruwa a hanyar Yawuri, har ranar da na ga yaro a gindin bishiya da lema da na'urar POS, yana yi wa manomi a minti ɗaya abin da muka kafa turakun kilomita biyu dominsa.

Ba na kukan wancan zamani. Layin na masu hali ne, kuma wanda ya ce ya fi na yanzu bai taɓa jiran takardar banki ba. Abu ɗaya nake kewa. Wayata in ta mutu, ina iya bin ta da ƙafa, turke bayan turke, har in ga inda ta tsinke. A farkon 2023, da takardun kuɗi suka ɓace bayan sauya fasalin naira, na ga layin mutane a gaban masu POS a Jega, kowa ana ce masa "babu netwok", kuma daga mai faɗar har mai ji babu wanda ya san inda zai nufa ya duba.

Igiyar mai fil tara dai ba ta mutu ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 injinan casa suka yawaita, kuma kowane babba yana da sikelin auna mota, wanda ke magana da kwamfutar ofis ta tsohuwar igiyar nan. Kwanan baya wani saurayi da na taɓa koya wa aiki ya kira ni daga irin wannan wuri. Sikeli na nuna nauyi a waje, kwamfutar ciki sai shirme take zubowa. Ya ce ya sauya manhaja, ya sauya kwamfutar ma.

"Baba, ko dai a sayo sabon sikeli?"

Na tambaye shi ko ya auna igiyar. Ya yi shiru. Na ce ya auna, sannan ya duba gudun da aka saita a ɓangarorin biyu. Bayan la'asar ya sake kira. Igiya lafiya, amma kwamfuta na kan 19,200, sikeli na kan 9,600. Ya gyara. Ina jin ƙugin mota ta cikin wayar, shi kuma yana karanto mini nauyin lodin da ya fito a allo.