Daga Bahon Mesmer zuwa Ɗakin Likita: Asalin Jinya da Hifnosis

Hifnosis, wato shigar da mutum cikin nutsuwa mai zurfi inda hankalinsa ke tattaruwa wuri guda har ya riƙa karɓar abin da ake faɗa masa cikin sauƙi, ya samo tushe ne daga wata fahimta da bincike ya rushe tun ba a je ko'ina ba. Franz Anton Mesmer, likitan da ya yi karatu a Biyena kuma ya koma Faris a 1778, ya yi imani cewa akwai wani ruwa da ido ba ya gani da ke gudana a jikin kowane mai rai, wanda ya kira maganaɗisun halitta, kuma toshewarsa ce ke kawo ciwo. A ɗakin jinyarsa akwai babban bahon katako cike da ruwa da garin ƙarfe, sandunan ƙarfe sun leƙo ta murfinsa, majinyata sun kewaye shi kowa ya ɗora sanda a inda ke masa ciwo, ana kiɗa a hankali, har wasu su fashe da kuka ko su kama shure-shure.

A 1784 Sarki Louis na 16 na Faransa ya naɗa kwamitin bincike kan wannan jinya, wanda masana kimiyya Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier suke cikinsa. A lambun Franklin, wani almajirin Mesmer ya sa wa itace guda maganaɗisun, sannan aka ɗaure wa wani yaro idanu aka riƙa kai shi gindin itatuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi ya suma a jikin itacen da ba a taɓa ba. Kwamitin ya yanke hukunci cewa ruwan nan babu shi, tsammani ne da abin da zuciya ta raya ke yin aikin. Hukuncin ya yi daidai, sai dai abin takaici shi ne an ɗauke shi a matsayin ƙarshen magana, alhali ya nuna ƙarara cewa tsammani kaɗai na iya kayar da mutum ƙasa.

Sai a 1841 James Braid, likitan fiɗa a Manchesta, ya kalli wani mai nuna fasahar Mesmer a dandali, ya koma gida ya gwada da kansa, ya gano cewa idan mutum ya ƙura wa abu mai ƙyalli ido, zai shiga yanayin ba tare da baho ko sanda ba. A Indiya kuma James Esdaile ya yi wa majinyata fiɗa da irin wannan dabara daga 1845, kafin magungunan sa barci su ture ta gefe.

A birnin Nansi na Faransa, likita Liébeault, wanda ke duba talakawa kyauta da hifnosis, da abokin aikinsa Bernheim suka kafa ginshiƙin da ake kai har yau, cewa kalmar likita ce ke aiki idan majinyaci ya amince ya kuma ba da haɗin kai. A 1955 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da hifnosis wajen jinya, kuma a yanzu ana neman taimakonsa wajen rage raɗaɗi da fargaba da wasu matsalolin hanji.