Jami'ar Ahmadu Bello da Takardun Kakanninmu

'Yan uwa marubuta, da an ambaci Jami'ar Ahmadu Bello sai a tuna likitoci da binciken noma na Samaru. Haka ne, don Arewa ta samu ma'aikatanta Sardauna ya kafa ta a Zariya a 1962, kafin Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975.

Amma a ganina, aikin da ya fi shafar mu shi ne na sashen tarihi. Farfesa Abdullahi Smith da almajiransa, irin su Yusufu Bala Usman, sun tattara tsofaffin takardun Larabci da ajami da labaran dattawa, lokacin da littattafan Turawa ne madogarar masu rubuta tarihinmu. A 1970 Smith ya kafa Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna. Takardun suna nan, sai dai ƙalilan ne cikinmu ke iya karanta ajami.