Hular Mario da Gashin Bakinsa: Kamannin da Dole Ta Haifar

Duk wanda ya ɗauki ɗan mutum-mutumin Mario na roba zai ga jar hula, da gashin baki mai kauri, da wando mai igiya a kafaɗa, har ya ɗauka ado ne da mai zane ya zaɓa don son ransa. Tarihi ya nuna cewa ƙarancin ƙarfin na'ura ne ya ɗinka masa wannan kaya, kuma a ganina wannan takurar ce sirrin daɗewarsa.

A shekarar 1981 kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan yana cikin tsaka mai wuya, domin injinan wasan Radar Scope da ya kai Amurka sun yi kwantai. Aka ɗora wa wani matashin mai zane, Shigeru Miyamoto, aikin ƙirƙiro sabon wasan da za a saka a cikinsu. An so a yi amfani da tauraron katun Popeye, izini bai samu ba, sai ya fito da Donkey Kong: goggon biri ya sace budurwa, wani kafinta yana hawa yana tsalle don ya ceto ta. Allon wancan zamani 'yan ɗigo-ɗigo kaɗan yake ba mai zane. Gashin kai yana da wuyar motsawa, sai aka rufe shi da hula. Baki ba ya fitowa sarai, sai aka sa gashin baki, wanda ya ƙara fito da hanci. Launin wando ya bambanta da na riga domin a ga hannu idan yana gudu. Jumpman ake ce wa kafintan nan, kafin a laƙaba masa sunan Mario Segale, mai gidan ajiyar kayan da reshen kamfanin na Amurka ke haya. Sai a wasan Mario Bros. na 1983 kafintan ya koma mai gyaran famfo.

Wani zai ce kuɗin talla ne kawai suka ɗaukaka shi, musamman bayan Super Mario Bros. na 1985 ya sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Talla ta yi nata aikin, babu musu. Amma a 1996, da Super Mario 64 ya zo, na'ura ta riga ta iya zana gashi da leɓe, duk da haka ba a taɓa hular ba, ba a aske gashin bakin ba. Siffar da aka yi don a gane ta cikin 'yan ɗigo ita ce wadda yaro ke ganewa daga nesa a cikin kanti, abin da mai ƙera kayan wasa yake nema ke nan.

Shi ma mutum-mutumin ba baƙo ba ne a gidan Nintendo. Nintendo ya fara da buga katin karta na hanafuda a 1889, ya yi kayan wasan yara kafin ya shiga wasan bidiyo. Da ya fito da Amiibo a 2014, 'yan mutum-mutumi masu ƙaramar na'ura a gindi da ke haɗuwa da wasan, tsohuwar sana'arsa ya koma wa, kuma Mario na cikin rukunin farko da aka kai kasuwa.