Ladan Kuturu: Tarihin Sharaɗin Aiki a Kan Masu Sukolashif a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bisa wannan tunani ne hukumomi suka daɗe suna gindaya wa ɗalibin da suka ɗauki nauyin karatunsa sharaɗi, watau ya dawo ya yi musu aiki na wasu shekaru, in kuwa ya zaɓi wani wuri, to, ya mayar da abin da aka kashe masa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan sharaɗi a Arewacin Nijeriya, ta nuna abin da ya ba shi ƙarfi a da, da abin da ya raunana shi daga baya.

2.0 Tushen Al'amarin

Wannan tsari baƙo ne, tare da ilmin boko ya shigo. A Ingila, ɗaliban da ke karɓar kuɗin gwamnati don koyon aikin malanta sukan sa hannu a kan alkawarin za su koyar bayan sun gama. Rahoton McNair na 1944 ya soki wannan alkawari, aka kuma soke shi a 1951. A Faransa alkawarin na shekara goma ne, kuma Faransawa sun kawo shi Afirka ta Yamma. Ɗaliban makarantar William Ponty da ke Sanagal, inda Diori Hamani da Boubou Hama na Nijar suka yi karatu, sukan ɗauki alkawarin yi wa hukuma aiki na shekara goma.

A Arewacin Nijeriya kuwa, farkon lamarin bai bukaci tsanantawa ba. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malaman da za su koma lardunansu su koyar. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya tafi Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya tafi Midil ta Bauci. A wancan zamani ɗan boko ba shi da ƙofa da yawa: ko En'e, ko gwamnati, ko kantunan Turawa irin su U.A.C. da John Holt. Sarki ya san ubansa, Razdan ya san sunansa. Wanda aka tura shi karatu, gari duka ya san an tura shi, kuma ana jiran dawowarsa. Malamai huɗun da aka kai Landan a 1945, watau Abubakar Tafawa Ɓalewa da Bello Kano da Yahaya Gusau da Abdurrahman Mora, duk sun dawo gida sun ci gaba da hidima.

3.0 Zamanin Jihar Arewa

Sharaɗin ya sami cikakken muhimmanci bayan da Sardauna ya zama Firimiya a 1954. Babban abin da ya damu gwamnatinsa shi ne ƙarancin 'yan Arewa masu takardun da za su riƙe manyan muƙamai. Manufar gwamnati a fili take: in akwai ɗan Arewa da ya cancanta, shi za a ba, in babu, a ɗauki baƙo na ƙayyadadden lokaci kafin a horar da ɗan gida. To, horarwar nan kuɗi take ci. Saboda haka duk wanda aka ba sukolashif zuwa Ibadan ko Ingila, ko Jami'ar Ahmadu Bello bayan an buɗe ta a 1962, an riga an tanadar masa kujerar da zai hau. Rasa likita ɗaya ko injiniya ɗaya a lokacin yana iya nufin lardi guda ya zauna babu.

Ya kamata a lura da abubuwa uku da suka riƙe sharaɗin a wannan zamani. Na farko, gwamnati ce babbar mai ba da aiki, aikinta kuma shi ne ya fi daraja, ga gida, ga rancen mota, ga fansho. Na biyu, alkawarin fuska biyu gare shi: ɗalibi zai dawo, gwamnati kuma za ta ɗauke shi aiki da zarar ya dawo. Na uku, akwai masu tsaya wa ɗalibi, waɗanda yawanci dattawan gidansu ne ko manyan garinsu. In ya gudu, su za a tuhuma. Ashe ke nan kunya ta fi tsoron kotu aiki a cikin lamarin.

4.0 Rarrabuwar Jihohi

A ranar 27 ga Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Daga baya aka koma 19 a 1976, da 21 a 1987, da 30 a 1991, da 36 a 1996. Kowace jiha ta buɗe nata ofishin sukolashif. Sai ma'anar "wani wuri" ta riƙa sauyawa. Alal misali, a ɗauki mutumin Gusau wanda Jihar Arewa ta tura karatu a 1965. Kafin ya dawo ya zama ɗan Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ya zama ɗan Jihar Sakkwato, a 1996 kuma ɗan Jihar Zamfara. In ya kama aiki a Kaduna, a 1965 yana gida ne, a 1970 kuwa ya zama ma'aikaci a jihar wasu. Wanne ne gidan da ya ci amanarsa?

Bugu da ƙari, gwamnatin tarayya ta shigo da wata manufa da ta saba wa tunanin jihohi. Dokar da ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 ta sa ana kai wanda ya gama jami'a wata jihar da ba tasa ba, ya shekara guda, don ya san 'yan'uwansa na nesa. Watau tarayya tana cewa a bazu, jiha tana cewa a dawo. Daɗin daɗawa, kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya buɗe ƙofofi: bankuna da kamfanoni da sababbin jami'o'i da ma'aikatun tarayya duk suna neman masu digiri, albashinsu kuma ya ɗara na jiha. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya sa an horar da malamai masu ɗimbin yawa da kuɗin hukuma, amma aikin malanta ya zama zango ga da yawa daga cikinsu.

5.0 Faɗuwar Naira

Abin da ya ƙarasa raunana sharaɗin shi ne tattalin arziki. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajarta ta yi ta zubewa, har a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,000. Wannan ya haifar da abubuwa biyu. Na ɗaya, bashin da aka rubuta da naira ya zama ba a bakin kome ba ga wanda ke karɓar albashi da riyal ko fam. Na biyu, jihohi da kansu suka kasa cika tasu fuskar ta alkawari, domin ɗalibi yakan dawo da takardarsa ya tarar an dakatar da ɗaukar ma'aikata. Ƙaurar likitoci da malaman jami'a ta yi tsanani har gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamiti a kanta a 1988.

Maganar ba ta mutu ba. A watan Afrilu na 2023 wani ƙuduri na ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, yana neman likita ya yi shekara biyar yana aiki a Nijeriya kafin a ba shi cikakken lasin. Ƙungiyoyin likitoci suka yi tir da shi, wa'adin majalisar kuma ya ƙare bai zama doka ba. A ƙarshen 2024 asusun TETFund ya sanar da dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, yana kafa hujja da tsada da kuma ƙin dawowar wasu. Ko a Amurka, Jihar New York ta sa irin wannan sharaɗi a sukolashif ɗinta na Excelsior a 2017: wanda ya bar jihar kafin ya cika adadin shekarun da ya ci tallafi, tallafin ya zama rance.

6.0 Kyauta, Rance ko Amana?

Ga mai nazarin harshe, tushen gardamar yana cikin suna. Bahaushe ya bambanta kyauta da rance da amana. Kyauta ba a bin ta, wanda ya bi ta kuwa ya yi gori. Rance ana biya, da an biya kuma magana ta ƙare. Amana ita ce mai nauyi, domin kuɗi ba ya sauke ta. Ɗalibi yakan ɗauki sukolashif kyauta, ko ma hakkinsa na ɗan jiha. Takardar da ya sa wa hannu tana ɗaukarsa rance. Talakan da aka karɓi harajinsa da jangalinsa kuwa amana ya ɗauke shi, domin likita yake so a asibitin garinsu, ba kuɗi a baitulmali ba. Doka kuma iyakarta rance, tun da tsarin mulkin 1999 ya hana aikin tilas a sashe na 34, ya kuma ba kowa 'yancin zama inda ya so a cikin ƙasa a sashe na 41. Hukuma tana iya bin kuɗinta, ba ta da ikon tsare mutum.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa takarda ba ita ta dawo da mutanen farko gida ba. Aiki mai daraja da ke jiransu, da idon jama'a da ke kansu, su ne suka dawo da su. Duk jihar da ke son farfaɗo da sharaɗin, wajibi ne ta fayyace wa ɗalibi tun farko cewa rance ne da ake biya da aiki, ta ƙayyade shekarun daidai da na karatun, ta lissafa bashin ta yadda faɗuwar naira ba za ta cinye shi ba, sa'an nan ta rubuta cewa in ta kasa ba shi aiki cikin lokaci sananne, ya kuɓuta. Alkawari kaya ne, amma mutum biyu suka ɗauke shi, ba ya yiwuwa a ce ɗaya kaɗai zai kai shi gida.